Motar da ta tsufa har ta wuce gwaji

A safiyar Lahadin farko ta watan Nuwamba, tun gari bai gama wayewa ba, ɗaruruwan motoci kan taru a dandalin Hyde Park da ke tsakiyar Landan. Ƙa'idar shiga ita ce kada a kawo motar da aka ƙera bayan shekarar 1904. Wasu da fetur suke tafiya, wasu da tururi, wasu da batir. Akwai waɗanda ba su da sitiyari irin wanda aka sani, sai wani ƙarfe mai kama da mariƙin garma da direba ke karkatawa dama ko hagu. Birkin wasunsu bai wuce ɗan katako ko ɗamarar ƙarfe da ke matse ƙafar mota ba. Daga nan sukan ɗauki hanyar Brighton, tafiyar mil kusan 60, a kan titin da motocin haya da manyan motocin kaya ke bi.

Dokar Birtaniya ba ta tilasta wa ko ɗaya daga cikin motocin nan zuwa gwajin lafiyar mota na shekara-shekara ba, wanda ake kira MOT. Motar da aka saya shekara uku da suka wuce, mai kwamfuta a ciki da jakar iska a gaban direba, dole ne ta je. Wadda ta haura shekara 120 an yafe mata. Amma inshora ba a yafe wa kowa ba: mai motar 1903 da mai motar bana duk doka ɗaya ce a kansu. Yadda aka zo ga wannan tsari labari ne na fiye da ƙarni guda, kuma a cikinsa ake ganin abin da hukuma ke tsoro a kowane zamani.

Zamanin jar tuta

Tsoron farko na gudu ne. Dokar 1865 ta ƙayyade wa duk wata na'ura mai tafiya da kanta a kan titi gudun mil 4 cikin sa'a a karkara, mil 2 a cikin gari, ta kuma wajabta wani mutum ya riƙa tafiya a gabanta da ƙafa riƙe da jar tuta. Manyan injunan tururi aka nufa da ita, amma da ƙananan motoci suka fara shigowa daga Jamus da Faransa sai dokar ta haɗa da su. A 1896 majalisa ta sassauta, ta ɗaga iyakar zuwa mil 14. Masu motoci suka yi murna ta hanyar yin jerin gwano daga Landan zuwa Brighton ranar 14 ga Nuwamba na shekarar, bayan sun yayyaga jar tuta a bainar jama'a. Wannan tafiya ce ake tunawa da ita har yau.

A watan Agusta na shekarar nan, wata uku kafin bikin, mota ta kaɗe wata mata mai suna Bridget Driscoll a harabar Crystal Palace, ta mutu. Ita ce ake ƙirgawa a matsayin mai tafiya da ƙafa ta farko da mota ta kashe a Birtaniya. Gudun motar bai wuce na mutum mai sauri ba. Masu binciken musabbabin mutuwa suka yanke cewa tsautsayi ne. Babu wata doka a lokacin da ta tanadar wa iyalinta diyya kai tsaye, babu kuma wadda ta ce a duba ko birkin motar yana aiki.

Dokar 1903 ta kawo rajistar motoci da lamba da lasisin tuƙi, ta kuma sa iyakar gudu a mil 20. Lasisin kuwa saye ake yi, ba a jarraba kowa. Haka aka tafi shekaru kusan talatin: hukuma ta san sunan mai mota, ba ta san ko ya iya tuƙi ba, ba ta san lafiyar motarsa ba, ba ta kuma san ko yana da abin biya idan ya yi ɓarna ba.

Wa zai biya?

Tambaya ta ƙarshen ce aka fara amsawa. Bayan Yaƙin Duniya na Farko mota ta sauko daga hannun attajirai zuwa hannun ma'aikata da 'yan kasuwa. Austin Seven, wadda ta fito a 1922, ta sa malamin makaranta ma yana iya mallakar mota. Da yawan motoci sai yawan gawa: a 1930 mutum 7,305 ne suka mutu a titunan Birtaniya, alhali motocin ƙasar ba su kai kashi ɗaya cikin goma na yawansu a yau ba. A can baya, idan attajiri ya kaɗe mutum, akwai dukiyar da kotu za ta kama. Yanzu kuwa sai alƙali ya yanke diyya mai yawa, a juya wurin direba a tarar ba shi da komai sai motar da ta riga ta rugurguje. Wanda ya rasa ƙafa ko matar da ta rasa miji su tashi da takardar hukunci a hannu, ba ko sisi.

Dokar Zirga-zirga ta 1930, wadda ministan sufuri Herbert Morrison ya jagoranta, ita ce ta wajabta inshorar ɓangare na uku. Ɓangare na farko shi ne mai mota, na biyu kamfanin inshora, na uku kuwa duk wanda tsautsayi ya haɗa da motar alhali bai sa hannu a kan komai ba. Doka ba ta damu da ko mai mota zai maido da asararsa ba. Wannan ruwansa ne. Abin da ta dage a kai shi ne kada baƙon da ke tafiyarsa a gefen titi ya ɗauki nauyin sakacin wani. Abin mamaki, dokar nan ce kuma ta soke iyakar gudu ga ƙananan motoci gaba ɗaya. Ba a daɗe ba aka gane kuskure: mutum 7,343 suka mutu a 1934, sai aka dawo da iyakar mil 30 a cikin gari, aka kuma fara jarrabawar tuƙi ta dole a 1935.

An ci gaba da toshe ɓarakar da ta rage a hankali. A 1946 aka kafa Motor Insurers' Bureau, wani asusu da kamfanonin inshora ke zuba wa kuɗi domin biyan waɗanda direba marar inshora ya yi wa lahani. A farkon shekarun 1970 aka sa fasinja cikin waɗanda dole inshora ta rufe, a ƙarshen shekarun 1980 aka ƙara ɓarnar dukiya. A duk wannan tafiya ba a taɓa cewa tsohuwar mota ta fita daga ciki ba.

Gwajin shekara goma

Lafiyar motar kanta sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka waiwaye ta. A shekarun yaƙi masana'antu sun bar ƙera motocin farar hula sun koma kayan soja. Bayan yaƙi ƙasar na cikin bashi, gwamnati ta riƙa ba kamfanoni ƙarfe bisa sharaɗin su sayar da mafi yawan abin da suka ƙera a ƙasashen waje. Wanda ke son sabuwar mota sai ya jira shekaru. Saboda haka motocin 1930 da 'yan kai suka ci gaba da aiki, ana faci a kan faci, tsatsa na cin ƙasansu, tayoyi sun suɗe, birkin waya ya saki. Ana cikin haka aka buɗe babbar hanyar M1 a watan Nuwamba na 1959, hanyar da a lokacin ba ta da iyakar gudu. Akwalar da aka ƙera domin ƙananan titunan ƙauye ta sami kanta tana kafaɗa da sababbin motoci masu gudu.

Ministan sufuri Ernest Marples ne ya ƙaddamar da gwajin MOT a 1960, sunan kuwa haruffan farko ne na ma'aikatarsa. Da fari na ganin dama ne, a watan Fabrairu na 1961 ya zama dole. Abu uku kawai ake dubawa: birki, fitilu da sitiyari. Kuɗinsa sule goma sha huɗu, da sule guda na takardar shaida. Motar da ta kai shekara goma kaɗai ya shafa, shi ya sa mutane suka riƙa kiransa gwajin shekara goma. Yawan motocin da suka faɗi ya tayar wa hukuma hankali, har kafin 1961 ta ƙare aka rage shekarun zuwa bakwai, a 1967 kuma zuwa uku, inda suke har yanzu a Ingila da Scotland da Wales. Jerin abin dubawa ya yi ta tsawo: tayoyi a 1968, ham da salansa da abin share gilashi da lafiyar gangar jikin mota a 1977, hayaƙin injin fetur a 1991.

Ke nan asalin gwajin, domin tsofaffin motoci aka yi shi. Kuma ya yi aikinsa. Motocin da aka ƙera kafin yaƙi, waɗanda gyaransu ya fi kuɗinsu, suka yi ta kwarara zuwa wurin 'yan gwangwan. Waɗanda suka tsira su ne masu gata, wato waɗanda wani ya ƙaunace su har ya kashe musu abin da ya fi darajarsu a kasuwa.

Daga akwala zuwa kayan tarihi

Masu wannan ƙauna sun riga gwajin zuwa. An farfaɗo da tafiyar Brighton a 1927. A 1930 aka kafa Veteran Car Club domin motocin farko-farko, a 1934 kuma Vintage Sports-Car Club, wadda ta ɗauki motocin 1919 zuwa 1930 a matsayin na zamanin da aka yi aikin hannu na ƙwarai. Fim ɗin Genevieve na 1953, wanda ya ginu a kan wata Darracq ta 1904 da tafiyar Brighton, ya shigar da sha'awar cikin gidajen talakawa. Shekara guda kafin nan Lord Montagu ya fara baje kolin tsofaffin motoci a gidansa na Beaulieu, abin da daga baya ya zama gidan tarihin motoci na ƙasa. A 1966 aka kafa ƙungiyar FIVA ta duniya, a 1988 kuma ƙungiyoyin Birtaniya suka haɗu a inuwa guda domin yin magana da gwamnati da murya ɗaya.

Hujjarsu ita ce mota ma kayan tarihi ce, kamar tsohon gini ko tsohon littafi, da bambanci guda: idan aka kulle ta a ɗaki lalacewa take yi. Roba ta bushe, mai ya daskare, birki ya kama. Adana ta yana nufin tuƙa ta. A kan wannan suka nemi sassauci, suka fara samu ta fuskar haraji. A tsakiyar shekarun 1990 aka yafe harajin hanya ga motar da ta kai shekara 25. A 1998 sabuwar gwamnati ta tsayar da agogon a kan motocin da aka ƙera kafin 1973. A 2014 aka sake sakinsa, a wannan karo bisa ma'aunin shekara 40 mai matsawa gaba kowace shekara.

Yafewar 2012 da ta 2018

Gwaji ya biyo bayan haraji. Daga watan Nuwamba na 2012 aka cire motocin da aka ƙera kafin 1960 daga MOT. Ma'aikatar sufuri ta kafa hujja da cewa su kusan kashi 0.6 ne cikin ɗari na motocin da ke da rajista, amma hannunsu a haɗurra bai wuce kashi 0.03 ba. Sai kuma Tarayyar Turai ta fitar da umarni a 2014 wanda ya ba ƙasashe damar sassauta wa motar tarihi da ta haura shekara 30. Birtaniya ta zaɓi 40. Daga 20 ga Mayu, 2018, duk ƙaramar motar da ta kai wannan shekaru, kuma ba a yi mata gagarumin sauyi a gangar jiki ko inji ko ƙafafu ba cikin shekara 30 da suka gabata, ta fita daga gwajin dole. Mai ita ne ke cike takarda da hannunsa ya bayyana cewa ta cancanta. Motoci kusan dubu ɗari uku suka ƙaru a kan waɗanda aka riga aka yafe wa.

Dalilan gwamnati a fili suke. Masu irin waɗannan motoci sun fi kowa kula da su. Ba a cika fita da su ba sai lokacin zafi, a gajeriyar tafiya. Gwajin zamani kuma an tsara shi ne domin motar zamani. Matashin bakanike da ya saba jona kwamfuta ya karanta matsala bai san ko ɗan wasan da ya ji a sitiyarin motar 1935 lahani ne ko haka aka ƙera ta ba.

Sai dai a shawarar jama'a da aka nema kafin yanke hukunci, waɗanda suka ƙi sun fi waɗanda suka yarda yawa, kuma da dama daga cikinsu masu tsofaffin motoci ne. Tsoronsu na da tushe. Laifi tudu ne, mai mota na iya goge fenti kullum bai taɓa ganin tsatsar da ke cin bututun birki a ƙarƙashinta ba, domin ba shi da ramin da zai shiga ya duba. Rashin yawan tafiya ma ba kariya ba ce: tayar da ta shekara goma sha biyar na iya zama da zanenta cif, alhali robar ta tsattsage. Alƙaluman da ke nuna ƙarancin haɗari kuwa an tattara su ne a lokacin da ake gwada motocin, don haka ba su faɗi abin da zai faru bayan an daina ba. Sannan ma'aunin 40 ba ya tsayawa. A 2012 ana maganar motocin da aka ƙera kafin 1960 ne. Zuwa 2025 yafewar ta iso kan Ford Sierra da Peugeot 205 GTI da Ferrari Testarossa, motocin da ke iya gudun da ya zarce iyakar kowace babbar hanya a ƙasar.

Maƙwabta ba su bi wannan hanya gaba ɗaya ba. Jamus, inda ƙungiyoyin TÜV suka samo asali tun 1866 daga binciken tukunyar tururi, ta ƙirƙiro lamba ta musamman mai harafin H a 1997 domin motar da ta kai shekara 30. Mai ita na samun rangwamen haraji, amma gwaji na nan duk shekara biyu. Faransa na gwada motar da ke da rajistar tarihi duk shekara biyar, ta yafe wa waɗanda suka riga 1960 kaɗai.

Akwai kuma abin da babu gwajin da zai gyara. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba. Tsohuwar, duk da kaurin ƙarfenta, ta lotse har kan kujerar direba. Sabuwar ta tsare wurin zaman nata. A Birtaniya, motar da aka ƙera ba bel ba a tilasta a sa mata, sai dai an hana ɗaukar yaron da bai kai shekara uku ba a cikinta. Tsohuwar mota mai cikakkiyar lafiya ma ta fi hatsari ga wanda ke cikinta, kuma doka ta bar wa baligi wannan zaɓi.

Abin da ba a yafe ba

Yafe gwaji bai yafe lafiyar mota ba. Wanda aka kama yana tuƙa mota mai hatsari, ko ta bana ce ko ta 1925, yana iya fuskantar tarar da ta kai fam 2,500 da maki uku a lasisinsa. Abin da ya sauya shi ne wanda ke ɗauke da nauyin tabbatarwa: da bakanike mai izinin gwamnati ne, yanzu mai motar ne. Shi ya sa masu hankali da yawa har yau suke kai motocinsu gwajin da kansu, su biya kuɗin da bai wuce fam 54.85 ba, su ajiye takardar.

Inshora kuwa ƙara tsanani ta yi. Tun 2011, duk motar da ke da rajista dole ta kasance da inshora ko da tana ajiye, sai in mai ita ya sanar da hukuma cewa ya janye ta daga titi. Tuƙi ba inshora na jawo tarar fam 300 da maki shida nan take, a kotu kuma tarar ba ta da iyaka. Kasuwa ta samar wa tsofaffin motoci tsari nasu. Da yake darajar motar yau da kullum raguwa take yi, ta tarihi kuwa kan ƙaru, har wata Mercedes 300 SLR ta 1955 ta kai yuro miliyan 135 a gwanjon 2022, mai mota da kamfani kan amince da ƙima tun farko, bisa hotuna da rahoton masani. Kuɗin inshorar kan yi sauƙi, bisa sharaɗin ƙayyade milolin da za a yi a shekara, da kwana a gareji, da samun wata motar ta zuwa aiki.

A cikin kowace yarjejeniya akwai sharaɗin cewa mai mota zai riƙe ta cikin ƙoshin lafiya. Idan birki ya tsinke aka gano sakaci ne, kamfani na iya ƙin biyan asarar motar, kuma mai ita ba shi da takardar gwajin da zai kare kansa da ita. Amma tun 1934 doka ta hana kamfani fakewa da lalacewar mota domin ƙin biyan diyyar wanda aka kaɗe. Sai ya biya shi tukuna, daga baya ya bi mai motar ya karɓi kuɗinsa. Wannan sashe, wanda yanzu yake cikin Dokar Zirga-zirga ta 1988, shi ne ya sa majalisa ta iya sakin gwaji ba tare da ta saki mai tafiya da ƙafa ba. Ta yi caca a kan cewa masu tsofaffin motoci za su kula da su, amma ta tabbatar cewa idan cacar ta faɗi, akwai wanda zai biya.

Wani reshe na tarihin nan ya iso Najeriya. Dokar inshorar ɓangare na uku da gwamnatin mulkin mallaka ta yi a 1945, ta fara aiki a 1950, daga dokar 1930 aka ɗauko ta. Ita ce asalin takardar da kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, wadda direbobi da yawa ke ɗauka takardar wucewa shingen jami'ai ce kawai, alhali domin wanda za a iya kaɗewa aka yi ta. Peugeot 504 ɗin da aka fara haɗawa a Kaduna a shekarun 1970, da a Birtaniya suke da tuni sun cancanci rajistar tarihi. Bambancin shi ne waccan yafewar an gina ta a kan motar da ke fita sau ƙalilan a shekara, ba wadda ke ɗaukar fasinja da buhuna kowace ranar kasuwa ba. Ita wannan tana nan a matsayin da Austin Seven take a 1960, lokacin da aka ƙirƙiro gwajin domin irinta.

A Brighton kuwa, motocin kan fara isa bakin teku da hantsi, wasu sai yamma, wasu a bayan motar janwe. Ƙa'idar tafiyar ta hana matsakaicin gudu ya wuce mil 20 cikin sa'a, iyakar da dokar 1903 ta sa. Kafin a ba kowane direba lambar shiga, sai motarsa ta kasance da inshorar hawa titi, kamar kowace motar da za ta wuce ta a hanya.